Martani: Daga Kwali Zuwa Jidda Ba Tafiyar Awa Biyar Ba Ce

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala a kan tafiya ƙasa mai tsarki, ta kuwa shiga bakin mutane, har ana ja-in-ja a kanta a majalisun Kwali bayan la'asar. Hujjarsa lissafi ne mai sauƙi. A cewarsa, tsakanin Abuja da Jidda tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar a jirgin sama, alhali wanda ya hau mota daga Kwali zuwa Kano yakan share awa bakwai ko fiye a hanya. Saboda haka, a ganinsa, nesa ta zo kusa, Jidda ma ta fi Kano kusa da mutumin Kwali. Daga nan ya yanke hukunci biyu. Na farko, dogon shiri da bita da zagayen neman yafiya da maniyyata ke yi duk ragowar zamanin tafiyar ƙafa ne, ya kamata a rage su. Na biyu, kuɗin kujera ya wuce ƙima ga tafiyar da ba ta ko kai ta Landan nisa ba.

Adalci shi ne a fara da inda ya yi daidai. In aka ja zare miƙe a kan taswira daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, za a samu kimanin kilomita 3,700. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 ko kusa da haka a awa guda in ya daidaita a sama. A raba, a ƙara lokacin hawa da sauka, sai a samu abin da bai wuce awa biyar ba. Landan kuwa tana da nisan kilomita 4,770 daga Abuja, tafiyar awa shida da 'yan kai. Kukansa a kan hanyar Kano ma gaskiya ne: tun 2018 aka fara aikin sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, matafiya kuma sun ɗanɗana kuɗarsu shekara da shekaru. Babu mai musa masa waɗannan.

Inda ya kauce shi ne da ya ɗauki lambar da ke kan tikiti ya mai da ita tsawon tafiya. Lambar tikiti tana fara ƙidaya ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake tsaye, ta ƙare lokacin da ya tsaya a ɗaya filin. Motar Kano kuma ya ƙidaya ta daga tashar Kwali har zuwa cikin birnin Dabo, da cunkoso da tsayawar sallah da cin abinci duka. Ya auna ɗaya da mudu, ɗaya da tiya, sannan ya ce sun zo daidai.

A ɗauki misalin wata dattijuwa daga Yebu ko Ashara, cikin gundumomi goma na ƙaramar hukumar Kwali. Tun da jijjifi za ta bar gida, kafin ta iso bakin babban titin Lokoja zuwa Abuja an ci awa ɗaya ko biyu, in kuma da damina ne, to sai yadda hanya ta yi da ita. Daga Kwali za ta bi ta Gwagwalada, ta karya a mahaɗar Giri, ta nufi sansanin alhazai na Basan Jiwa da ke daura da filin jirgi. Wannan wata awa guda ke nan in hanya ta yi kyau. A sansani ne ake kiran suna, a duba fasfo da biza da katin rigakafi, a auna jaka, a raba kuɗin guzuri. Kiran da aka yi da safe sau da yawa jirginsa na dare ne, wani lokaci ma na gobe, domin jirgin da za a hau yana can bai dawo daga sawun da ya kai ba.

In an shiga filin jirgi kuma, ba mutum ashirin ake tantancewa ba. Jiragen jigilar alhazai suna ɗaukar mutum 400 zuwa 500 da ɗoriya a sawu guda, da yawansu tsofaffi ne, da yawa kuma wannan ne karonsu na farko da ganin cikin jirgi. Kowa sai an duba takardunsa, an caje jakarsa, an nuna masa kujerarsa. Awa uku ko huɗu sun tafi kafin a rufe ƙofa.

Sauka ma ba isowa ba ce. A Jidda akwai tashar alhazai ta musamman, mai rufi kamar tantuna, wadda aka buɗe a 1981, a nan ake bin layin jami'an shige da fice, a ɗauki hoton yatsu, a nemo kaya, a jira motocin safa. Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Wanda aka tsara masa fara ziyarar Madina, in a Jidda aka sauke shi, yana da fiye da kilomita 400 a gabansa cikin mota. Wanda aka sauke kai tsaye a Madina ya huta da wannan a ranar farko, amma tafiyar kilomita 450 zuwa Makka tana nan tana jiransa bayan 'yan kwanaki. Akwai jirgin ƙasa mai gudu na Haramain da ya fara aiki a 2018, wanda ke haɗa biranen biyu cikin ƙasa da awa uku, sai dai galibin alhazan jihohi a motar safa ake kai su, su yi awa shida ko fiye.

Duk wanda ya tara waɗannan, daga ƙofar gida a Yebu zuwa ƙofar masauki, zai ga yini da kwana guda sun cika, sau da yawa ma sun haura. Awa biyar ɗin marubucin kashi ɗaya ne cikin biyar na tafiyar, kuma shi ne kashin da ya fi sauƙi, domin a zaune ake yin sa, ana kawo abinci. Kowane alhaji ko hajiya a Yangoji ko Dafa ko Kilankwa zai iya ba shi wannan lissafi da bakinsa.

Akwai ma wani ƙaramin tarko a tikitin kansa. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu, kuma kowane tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka bari, lokacin sauka da agogon garin da aka nufa. Jirgin da ya tashi Abuja ƙarfe goma na dare ya yi awa biyar a sama, ƙarfe biyar na asuba zai sauka a agogon Jidda, kamar ya yi awa bakwai. A dawowa kuma sai a ga kamar awa uku kacal ya yi. Ga mai shan maganin hawan jini ko mai allurar ciwon suga a kan lokaci, wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. Iskar sama ma tana da nata: wadda ta turo jirgi daga baya tana rage masa lokaci, wadda ta tare shi daga gaba tana ƙara masa, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai ko da hanya ɗaya aka bi.

Amma babban abin da maƙalar ta tsallake shi ne ƙasashen da ke ƙarƙashin zaren nan na taswira. Jirgi ba ya bin duk inda ya ga dama. Kowace ƙasa tana da iko da sararin samaniyarta, sai da izininta da jagorancin jami'anta ake ratsawa. Miƙaƙƙiyar hanya daga Abuja zuwa Jidda tana bi ta arewacin Kamaru, ta gifta kusa da Injamena a Cadi, ta keta Sudan tun daga yammacinta har gaɓar Bahar Maliya. Abin lura, kusan ita ce hanyar da kakanni suka bi da ƙafa da jaki da raƙumi: daga Kano zuwa Borno, zuwa Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a wuce Ubayyid, a haye kogin Nilu, a kai Sawakin a nemi jirgin ruwa. Wasu sun yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago don haɗa guzuri, wasu kuma a can suka zauna har abada. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, shi Bellon ne ya ci gaba da hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano a 1925 su ma daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Cadi. A ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ta bar wa unguwar Wapa ta Fagge suna, manyan motocinsu ma Sudan suke nufa. Ko da ƙafa, ko da mota, ko ta sama, Sudan ce ƙofar alhajin Afirka ta Yamma.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe wannan ƙofa. Yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka ƙona jirage a filin jirgin birnin, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Abin ya shafi har Sudan ta Kudu, domin daga Kartum ake jagorantar jiragen da ke wucewa ta can sama a kanta. Saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata 95,000 da aka ware wa Najeriya a shekarar. Dole jirage suka nemi zagaye, ko dai ta kudu, su bi ta Afirka ta Tsakiya da gabashin Afirka su ɓullo ta Habasha, ko kuma ta arewa su faɗa Masar. Tafiyar da aka saba yi a ƙasa da awa biyar ta koma kimanin awa bakwai. Kamfanonin jiragen Najeriya da aka zaɓa sun ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a zaman farko, har sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Jidda ba ta matsa ko taku ɗaya daga inda take ba, Abuja ma haka, amma tafiya ta ƙaru da awa biyu, man jirgi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Yaƙin kuma bai ƙare ba har aka yi hajjin 2024 da na 2025.

Ba a gabas kaɗai haka ta faru ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sojojin Nijar sun rufe sararin samaniyarsu a farkon Agusta, kusan wata guda, sai jiragen Turai masu zuwa Najeriya suka koma zagaye. Ita Landan ɗin da marubucin ya kafa misali da ita, a makonnin nan ta ƙara nisa. A gida ma, a watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka mayar da zirga-zirga Kaduna. Mutumin Kwali da ke awa guda da filin jirgi sai ya wayi gari yana da tafiyar awa uku ko huɗu kafin ya ga jirgi. Hazon hunturu kuma duk shekara yana hana tashi da sauka a filayen Arewa.

Masu zuwa umara da alhazan jirgin yawo suna da nasu lissafin dabam. Yawancinsu ba sa samun jirgin kai tsaye, sai su ya da zango. Wanda ya bi ta Alƙahira zai yi kimanin kilomita 4,650, wanda ya bi ta Addis Ababa kusan 4,900, wanda ya bi ta Doha fiye da 6,300, domin sai ya wuce Saudiyya gaba ɗaya sannan ya dawo baya. A ƙara da zaman jiran jirgi na biyu, wanda kan kai awa uku, ko takwas, ko kwana. Tikiti mai rahusa sau da yawa shi ne mai dogon jira.

Sai batun kuɗi, inda mai wannan martani yake tare da marubucin a zuciya, domin tsadar kujera ta hana talakawa da yawa sauke farali, manomin doya da gyaɗa a Kwali yana tara kuɗin shekaru, farashi yana tsere masa. Amma awa ba ita ce ma'aunin farashin ba. A 2023 kujera ba ta kai naira miliyan uku ba, a 2025 ta haura miliyan takwas. Nisa bai canja ba tsakanin shekarun biyu, darajar naira ce ta faɗi, alhali masauki a Makka da Madina, da abinci, da tantunan Mina da Arfa, da motoci, da tikitin kansa, duk da dala da riyal ake biya. Kwatanta shi da tikitin Landan kuma bai zauna ba. Jirgin Landan yana zuwa da fasinja, yana komawa da fasinja. Jirgin alhazai yana tafiya cike, ya dawo wayam don ɗaukar sawu na gaba, bayan Arfa kuma ya tafi wayam ya dawo cike. Tafiya huɗu ke nan ake yi don kai mutum ɗaya da dawo da shi. Inda nisa ke da tasiri a fili yake, kuma hukuma tana lissafa shi: maniyyatan shiyyar Maiduguri da Yola sun fi kowa biyan kuɗi kaɗan, sai sauran Arewa, sai Kudu. Mai son a rage kuɗin kujera, kuma ya kamata a rage, to ya bi diddigin kwangilar masauki da ta abinci da canjin kuɗi, ya tambayi abin da aka biya da wanda aka biya. A nan ne tambayar take da amfani.

Yawan sawun ma yana bayyana abin da ya sa alhaji ke shafe wata guda ko fiye a can, alhali ayyukan hajji na 'yan kwanaki ne. Alhazan jihohi 75,000 na 2023, in kowane jirgi ya ɗauki 450, sawu fiye da 160 ke nan a zuwa, wasu 160 a dawowa, ga kuma ƙasashen duniya duk suna neman gurbin sauka da tashi a filaye biyu cikin makonni kaɗan.

Hukuncin marubucin na farko, na rage shiri da bita, shi ne ya fi tayar da hankali, don shi ne zai iya cutar da mutane. Malaman fiƙihun Malikiyya, da su ake karatu a zaurukan Kwali kamar sauran ƙasar Hausa, sun auna tafiyar ƙasaru da nisa, mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, ko a kan me aka hau. Saurin jirgi bai cire wa matafiyi sunansa na matafiyi ba. Hasali ma saurin ya ƙara masa abin da zai koya: yaya zai yi sallah a kujera, yaushe zai ɗaura harami in Jidda aka nufa kai tsaye zuwa Makka, tun da jirgi yana gifta daidai miƙati cikin ƙiftawar ido, kuma me ya bambanta shi da wanda ya fara da Madina, da zai ɗaura nasa a Zul Hulaifa. Ta fuskar lafiya kuma, binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman awa huɗu ko fiye babu motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Dattijon da ke jin kunyar tashi ya taka a cikin jirgi, ko ya ƙi shan ruwa don gudun shiga bayin da bai san yadda ake amfani da shi ba, a wurin bita ake koya masa wannan. In aka gaya masa tafiyar tamkar zuwa kasuwar Gwagwalada ce, zai zuba maganinsa a babbar jaka, a wuce da ita cikin jirgi, bai sake ganinta ba sai bayan kwana guda.

Neman yafiya da barin wasiyya kuwa tun asali ba don tsawon hanya kaɗai ake yin su ba. Mai zuwa ɗakin Allah yana son ya tafi babu haƙƙin kowa a wuyansa. Kuma gajeriyar tafiya ba ta ba kowa tabbacin dawowa. A Janairun 1973 jirgin alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A Yulin 1991 wani da ya nufi Sakkwato ya faɗi 'yan mintuna bayan tashinsa daga Jidda, da mutum 261. Allah Ya jiƙansu. Jiragen yau sun fi na wancan zamani aminci nesa ba kusa ba, amma wannan bai isa dalilin da za a hana tsohuwa zagaya maƙwabtanta ta ce a yafe mata ba.

Kwali ba baƙuwar doguwar tafiya ba ce. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, ta kai sana'arta Ingila da Jamus a farkon shekarun 1960, ta zagaya Amurka a 1972, lokacin da babu filin jirgin ƙasa da ƙasa a wannan yanki ko kaɗan. Jikokin zamaninta sun samu filin jirgi a bayan gida, wannan ni'ima ce, babu mai raina ta. Abin da ya rage shi ne a rage awannin da ake ɓatawa a ƙasa, don su ne suka fi yawa, su ne kuma hukuma ke da iko a kansu. Saudiyya tana da shirin da ta kira Hanyar Makka, inda jami'anta ke tantance maniyyaci tun a filin jirgin ƙasarsa, ya sauka ya wuce mota kai tsaye, kayansa su same shi a masauki. Malesiya da Indunusiya da Pakistan suna ciki, a hajjin 2023 Kwaddibuwa ma ta shiga, Najeriya mai kujera 95,000 a shekarar ba ta ciki. Da marubucin ya karkata alƙalaminsa nan, ya nemi a shigar da Najeriya, a riƙa sanar da jadawalin tashi da wuri, a daina kiran mutane sansani kafin jirgi ya tabbata, a gyara hanyoyin Yebu da Ashara da Gumbo, da ya yi wa alhazai aikin da za su gode masa.

Ga maniyyatan Kwali na bana da masu raka su: a yi shirin yini da kwana cur a hanya, ba na awa biyar ba. A sa magani da ɗan abin taɓawa da kayan harami a jakar hannu, a tambayi jami'i ko Madina za a sauka ko Jidda, a ƙara awa biyu a agogo da zarar an sauka, kuma kada a yi fashin bita ko sau ɗaya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.